Yadda ake tantance fostar baje kolin zane da adana ta a yanayin Katsina

Idan gidan tarihi a Faris ko Landan zai baje kolin zane-zanen wani gwani kamar Picasso, Matisse, Chagall ko Miró, yakan buga fosta mai ɗauke da hoton zane ɗaya, da sunan mai zanen, da sunan gidan, da ranar buɗewa da ta rufewa. Irin waɗannan fostoci sun shigo gidajen Katsina da Daura a hannun waɗanda suka yi karatu a Turai daga shekarun 1960 zuwa 1980, wasu kuma ta hannun malaman zane da suka fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yau akan tsince su a ƙasan adakar mamaci ranar rabon gado, ko a cikin tsofaffin firam da ke zuwa da kayan gwanjo.

Ka shiga aikin da sanin cewa mafi yawansu ba su da tsada. Gidajen tarihi na buga dubbai su sayar a shagonsu da 'yan daloli. 'Yan kaɗan ne masu daraja, wato waɗanda aka buga domin baje kolin kansa a lokacinsa, musamman idan mai zanen ya sa hannu cikin aikin. Kuma ɓarnar da ke karya darajar waɗannan 'yan kaɗan yawanci daga hannun mai gyara take zuwa: salatif, gam, laminatin da dutsen guga. Saboda haka dubawa ce farko, taɓawa kuma sai inda ta zama dole.

Kayan aiki

Na dubawa:
- Madubin ƙara girma mai ninka abu sau 10, irin na masu gyaran agogo da masu sayar da gwal. In babu, kyamarar waya ta isa, ka matso da ita kusa ka ƙara girman hoton.
- Tocila mai farin haske.
- Fitilar duba kuɗin jabu, mai hasken shuɗi, irin ta 'yan canji.
- Tef ɗin awo mai santimita, fensir da littafin rubutu. Kada biro ya kusanci teburin.

Na kulawa:
- Buroshi mai laushi sosai. Sabon buroshin kwalliyar mata, babba, wanda bai taɓa hoda ba, yana yi.
- Farar roba ta goge fensir.
- Takardar tsotse danshi. In babu, farin alawayyo da aka wanke aka ɗauraye sosai, ba bula ba sitaci, a haɗa da farar takardar zane mai kauri.
- Takarda da kwali marasa asid, da ledar foliyesta ta adana takardu, wadda ake sayarwa da sunan Melinex ko Mylar. Waɗannan da wuya ka same su a babbar kasuwar Katsina, sai dai a yi odarsu ta intanet ko a ba wani sautu.
- Faifan gilas ko katako mai santsi da ya fi fostar faɗi, da littattafai masu nauyi na dannewa.
- Ƙaramar na'urar auna danshi da zafin ɗaki.

Teburin ya zama ya fi fostar girma ta kowane gefe. Ka shimfiɗa masa farin yadi, ka kashe fanka, ka rufe taga. Ka wanke hannu da sabulu ka bushe shi, kada ka shafa mai ko turare. Safar hannu ta auduga ba ta da amfani a nan, tana hana ka jin takardar har ka yage ta ba ka sani ba.

1. Buɗe ta da ɗaukar hoto

Fostar da ta yi shekaru a naɗe ta saba da naɗin. Idan lokacin hunturu ne, takardar ta bushe ƙayau, kuma buɗewa da ƙarfi na sa tawada ta tsage a jere, tsagewar da ba ta gyaruwa. Ka warware kamar kamu ɗaya ka ji. In ta bi hannunka, ci gaba a hankali kana danne gefen da ka buɗe da littafi mai takarda a ƙarƙashinsa. In ta yi tauri ko ka ji ƙara, tsaya, ka tsallaka zuwa mataki na 7 ka dawo.

Idan a firam take, ka kifa shi a kan bargo, ka zare ƙusoshin baya da filaya, ka ɗaga katakon. In takardar ta manne da gilas, kada ka ɓanɓare, ka duba ta ta cikin gilas ɗin haka nan.

Ka ɗauki hoton gaba da baya, da kusurwoyi huɗu, da ƙananan rubutun da ke gefe. Ka auna tsawo da faɗi har zuwa milimita ka rubuta.

2. Karanta rubutun da ke jikinta

Rabin amsar na nan. Fostar baje koli ta gaskiya tana faɗin wuri da kwanaki, sau da yawa har da lokacin buɗewa da ranar hutu. A na Faransa za ka ga irin su “sauf le mardi”, wato ban da Talata. Wadda ba ta da komai sai sunan mai zane da na gidan tarihi, babu ranar buɗewa da rufewa, kusan kullum ta shago ce, an buga ta domin ado.

Sai ka sa madubi a gefen ƙasa, ko a tsaye a gefen dama, inda ake rubuta sunan maɗaba'a da ƙananan baƙaƙe. Sunan da dillalai suka fi nema shi ne Mourlot, maɗaba'ar da ta yi zamani a Faris, inda Picasso ya fara aiki a 1945, kuma Matisse, Braque, Chagall da Miró duk sun buga a can. Akwai Maeght, gidan sayar da zane da ke buga fostocinsa, akwai kuma Arnéra na garin Vallauris da ke Faransa da ya buga wa Picasso fostocin baje kolin garin a shekarun 1950. Ganin sunan alama ce mai kyau, amma bai isa hujja ba, don mai kwafi yakan ɗauki hoton fostar da sunan da komai.

Abin da ya fi tona asiri shi ne abin da bai kamata ya kasance a wurin ba. Ka kwatanta shekarar baje kolin da waɗannan:

- Kalmar “Succession” ko “Estate” kusa da alamar haƙƙin mallaka na nufin magada, wato an buga bayan mutuwar mai zanen. Matisse ya mutu a 1954, Picasso a 1973, Miró a 1983, Chagall a 1985. Fostar da ke sanar da baje kolin Picasso na 1960 amma ƙasanta na cewa “Succession Picasso” sabon bugu ce.
- “ARS, New York” sunan ƙungiyar kula da haƙƙin mallakar masu zane ne, bai zo ba sai daga 1987.
- Layukan nan na farashi da ake haskawa a kanti ba su wanzu a kaya ba kafin 1974.
- Adireshin intanet na nufin tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama.
- Kuɗin shiga da aka rubuta da yuro, daga 1999.
- “West Germany” ko “W. Germany” na nuna tsakanin 1949 da 1990.
- Fostar da ke da sunan Centre Pompidou, gidan baje kolin zane da ke Faris, ba ta girmi 1977 ba, shekarar da aka buɗe shi.

Idan babu shekara amma akwai rana da kwanan wata, misali Asabar 12 ga wata kaza, kalandar waya za ta nuna maka shekarun da suka dace. Daga nan ka shiga shafin gidan tarihin. Manyansu, kamar MoMA na New York da Tate na Landan, sun sa jerin tsofaffin baje kolinsu a intanet.

Wani tarko da ake yawan faɗawa: a 1959 Mourlot ta buga littafi mai ɗauke da ƙananan kwafin fostocin manyan masu zane, kowanne bai fi girman shafin babban littafi ba. Ana yanke shafukan a sa a firam a sayar da sunan fosta. Bugun Mourlot ne da gaske, tsoho ne kuma, amma ba fostar ba ce, farashinsu bai ko kusa ba. Awon da ka yi a mataki na 1 shi zai raba gardama.

3. Gane irin bugun

Ka ɗora madubi a wurin da launi ya yi haske, kamar fatar fuska ko sararin sama, sannan a bakin wani baƙi na rubutu.

Ofset. Za ka ga ƙananan ɗigo masu launi huɗu, shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi, a jere bisa tsari suna yin kamar 'yan furanni. Ka ɗauko kalandar bango ko mujalla ka duba ta da madubin, abin da za ka gani ke nan. Yawancin fostocin gidajen tarihi daga shekarun 1960 zuwa yau da wannan ake buga su, har da na asali. Saboda haka ganin ɗigo bai nuna jabu ba. Yana nuna jabu ne kawai idan an san ainihin fostar da litograf aka yi ta.

Litograf. Ana zane da abu mai maiƙo a kan dutse ko faifan ƙarfe, a shafa ƙaro, irin wanda malamanmu ke sa wa tawada, a jiƙa da ruwa. Tawadar bugu mai maiƙo ce, sai ta kama inda aka yi zane kawai ta bar inda ruwa yake. Kowane launi da nasa dutsen, ana buga su ɗaya bayan ɗaya. A madubi launin ya kwanta sumul, ko ya yi tsaki-tsaki ba bisa tsari ba. Inda launi biyu suka haɗu za ka ga ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya, ko wani siririn fari ya rage a tsakani. Tawadar ba ta ƙyalli, ta shige cikin takarda. Wannan shi ne bugun da masu tara fostoci ke biya da tsada.

Sikirin. Irin bugun da ake yi wa riguna. Tawadar na da kauri, ta zauna a saman takarda, bakin launi ya yi kaifi. Idan ka haska tocila daga gefe za ka ga tudunta.

Feshin firinta. Ɗigo ƙanana ƙwarai a warwatse, bakin rubutu ya yi gashi-gashi. Fostar da ke iƙirarin 1955 amma da feshi aka yi ta, bugun kwanan nan ce.

Ka kula da rubutun da kyau. A fostar asali yawanci baƙaƙen launi ɗaya ne cike, bakinsu tsaf. A kwafin da aka yi ta ɗaukar hoto, rubutun ma ya farfashe ya zama ɗigo. Wani lokaci har layin ninki da ramin ƙusa na tsohuwar fostar ke fitowa a kwafin: ido na ganin ninki, amma tocila daga gefe ba ta nuna tudu ko kwari a wurin.

4. Takarda da sa hannu

Ka shiga ɗaki mai duhu ka haska bayan fostar da fitilar 'yan canji, ka ajiye sabuwar takardar fotokwafi kusa da ita don kwatance. Daga shekarun 1950 masana'antu suka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, wanda ke walƙiya da shuɗi a wannan hasken. Fostar da aka ce ta 1930 ko 1940 ce amma tana walƙiya kamar takardar fotokwafi, an yi maka ƙarya. Rashin walƙiya kuwa bai tabbatar da tsufa ba, don har yau ana yin takarda marar sinadarin. Kada ka kalli fitilar kai tsaye, kuma daƙiƙu kaɗan sun isa.

Tsufa na gaskiya yakan fi duhu a gefuna ya ragu zuwa ciki. Takardar da aka rina da ruwan shayi launinta ɗaya ko'ina, ko kuma tana da shatar ruwa.

Sa hannu iri biyu ne. Wanda ke cikin hoton an buga shi tare da zanen, yana kan kowane kwafi, bai ƙara ko kwabo. Wanda mai zanen ya yi da hannunsa yawanci da fensir ne a farin gefen ƙasa, wani lokaci da lamba kamar 45/150, wato na 45 cikin 150. Fensir na ɗan sheƙi a hasken gefe, kuma yakan bar kwari a takarda. Amma sa hannun Picasso da Chagall da Dalí na cikin waɗanda aka fi ƙirƙira a duniya. Ka ƙiyasta fostar kamar ba ta da shi har sai ƙwararre ya gani. Idan ka ga “d'après” gaban sunan mai zanen, ma'anarsa wani ne ya kwaikwayi zanen a kan dutse. Fostocin Chagall da yawa Charles Sorlier ne ya yi musu wannan aikin a Mourlot, sunansa na gefe, kuma suna da kasuwarsu.

5. Rubuta lafiyarta

Ka kashe fitila, ka kwantar da tocila kusan daidai da teburin, hasken ya bi saman takardar. Duk ninki, tsaga da kumburi za su fito. Ka rubuta kowanne da wurinsa da tsawonsa: yagewa, ramin ƙusa, shatar ruwa, tabon salatif, ɗigon tsatsa-tsatsa da danshi ke haifarwa, cin gara, da inda ƙwaron takarda ya kankare saman hoto.

Abu uku ne suka fi karya farashi. Na farko koɗewa. Ja da rawaya ke fara tafiya, shuɗi ya rage, kamar fostar 'yan siyasa da ta kwana wata uku a shatale-talen gari. Ka duba gefen da firam ya rufe, nan launin asali yake. Na biyu datse gefe, musamman in almakashi ya tafi da sunan maɗaba'a. Na uku manna ta a katako ko yi mata laminatin. Dillalai na ba da maki A ga mai lafiya, B ga mai 'yar matsala, C ga mai babbar ɓarna, kuma tazarar kuɗi tsakanin A da C na da yawa.

6. Ƙiyasta farashi

Ka rubuta sunan mai zane, gidan tarihi, shekara da maɗaba'a a intanet, ka nemi abin da aka riga aka sayar a gidajen gwanjon zane kamar Bonhams, Christie's da Swann. Farashin da wani ya liƙa wa tasa a shafin talla buri ne kawai, wanda aka biya shi ne farashi. Ka tara aƙalla misali uku na 'yan shekarun nan, ka tabbata girmansu da irin bugunsu da rubutun gefensu sun yi daidai da taka, sannan ka rage gwargwadon ɓarnar da ka rubuta.

Bisa ga al'ada, sabon bugu da fostar shago ba su wuce 'yan gomomin daloli. Ofset na asali daga sanannen baje koli ya fi haka. Litograf na asali mai lafiya yakan kai ɗaruruwa, wasu dubbai. Ka tuna alƙaluman da gidajen gwanjo ke wallafawa yawanci sun haɗa da la'adar da mai saye ke biya, kusan kashi 25 cikin 100 ko fiye, kai ma mai sayarwa za a cire maka taka, ga kuɗin aikawa. Manyan gidajen na karɓar hotuna ta intanet su faɗi ra'ayinsu, amma ba sa ɗaukar ƙaramin kaya.

Kada ka raina ta gida. Takardun sanarwar baje kolin Ben Enwonwu, gwanin zane ɗan Najeriya, ko na Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ko fostocin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata da aka yi a Legas a 1977, ba a buga su da yawa kamar na Turai ba, kuma yanayinmu ya cinye akasarinsu. Tun da aka sayar da zanen Tutu na Enwonwu fiye da fam miliyan ɗaya a Landan a 2018, masu bincike ke bibiyar duk takardar da ta shafi wannan zamanin. Ko kuɗinta bai taka kara ya karya ba, shaida ce ta tarihi. Duk wani tikiti, rasit ko wasiƙa da ka samu tare da fosta, ka adana su wuri ɗaya, ka rubuta a takarda daban wanda ya kawo ta da shekarar.

Idan rabon gado ake, a sa kowa ya ga misalan farashin da idonsa, kada sunan Picasso ya haddasa rigima a kan takardar dala talatin.

7. Share ƙura da miƙar da ita

Ka share da buroshi daga tsakiya zuwa gefe, gaba da baya. Ƙurar hunturu na da yashi, in ka goga da tsumma za ta karce tawada. Robar goge fensir a farin gefe da baya kawai, a hankali, ta fuska ɗaya, ka nisanci duk rubutun fensir. Ruwa, bilic, fetur da sabulu ba su da wuri a nan. Tsohon salatif da ke faɗuwa da kansa ka ɗauke shi, wanda ya riƙe ka bar shi. Tabon da ya bari sai ƙwararre.

Miƙarwa da danshi ake yi, ba da zafi ba. Ka samu babbar roba mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a ƙasa, ka ɗora kwandon roba a kife ko raga yadda za ta yi sama da tawul ɗin da kamar santimita 10. Ka sa busasshiyar takarda a kan kwandon, ka ɗora fostar a naɗe sako-sako, ka rufe. Ruwan ya zama mai sanyi, don mai ɗumi na yin gumi a murfi ya ɗiga. Ka duba duk rabin awa. Da ta yi laushi ta daina turjiya, yawanci cikin awa ɗaya zuwa huɗu, ka fitar. Takarda mai ƙyalli tana iya mannewa da kanta, ka fi sa mata ido, kuma ko wace iri ce kada ta kwana a ciki.

In ba ka da roba mai girman, ka jira watan Agusta. Ka bar ta a kan tebur a rufaffen ɗaki dare ɗaya, danshin damina zai yi aikin.

Sai ka shimfiɗa ta tsakanin takardun tsotse danshi, ka ɗora gilas ko katako, ka jera littattafai ko'ina daidai. Ka canja takardun bayan rabin awa, ka sake bayan awa biyu, ka sake washegari, sannan ka bar ta mako ɗaya. Kafin dannewa ka tabbata babu kusurwar da ta lanƙwashe, in ba haka ba kai da kanka ka yi mata sabon ninki.

Idan ka ga fumfuna, kada ka yi miƙarwa da danshi. Ka fitar da ita inuwa ta bushe, ka sa takunkumi, ka share da buroshi a waje, ka ware ta daga sauran takardu.

8. Yagewa

Idan mataki na 6 ya nuna mai tsada ce, kada ka gyara. Ka sa ta cikin ledar foliyesta a kwance, yagewar ba za ta ƙaru ba. Ka nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ko masu kula da tsofaffin rubuce-rubuce a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko sashen koyar da zane na Zariya, su nuna maka wanda ya iya.

Mai ƙaramin farashi za ka iya yi da kanka da kunun sitacin alkama da siririyar takardar Japan. In babu sitacin, ka kwaɓa fulawa ta yi tauri, ka murje ta cikin ruwa har farin ya fita, ka tace, ka bar shi ya kwanta, ka zubar da ruwan sama. Cokali ɗaya na sitaci, cokali biyar na ruwa mai tsabta, a wuta kaɗan kana juyawa kamar minti 20 har ya yi garau. Ya huce, ka tace ta tsumma, ka sirka shi ya yi ruwa-ruwa. A zafin Katsina kwana ɗaya ko biyu yake yi ya yi tsami, ka dama sabo. Ka yagi takardar gyara da hannu, faɗin santimita ɗaya, don bakinta ya yi gashi ya kwanta. Ka haɗa bakin yagewar, ka shafa kunun kaɗan a takardar gyaran, ka ɗora ta baya, ka tsotse danshin, ka danne har ya bushe. Yawan kunu shi ke sa wurin ya tattare. Gam na kafinta, gam na kwalba da ƙaro duk ka bar su, suna bushewa su yi duhu su karye.

9. Ajiya

Gidajen tarihi na neman zafi kusan digiri 20 da danshi kashi 45 zuwa 55 cikin 100. A Katsina zafin Afrilu na haura 40, danshi na sauka ƙasa da 20 a hunturu ya haura 70 a damina. Ba za ka samu na gidan tarihi ba, kuma na'urar sanyaya ɗaki da ke kamawa tana ɗaukewa da wuta ta fi cutarwa, don hawa da saukar ne ke sa takarda ta kumbura ta tsuke har ta gaji. Abin nema shi ne wurin da canjin ke zuwa a hankali: ɗakin tsakiyar gida mai silin, nesa da bangon yamma, nesa da banɗaki da madafa.

Kwance ta fi. Ka sa ta tsakanin takardu marasa asid, cikin jakar kwali biyu da suka fi ta girma, ka ɗora a kan abin da ya yi sama da ƙasa da aƙalla santimita 15, kada ya jingina da bango saboda gara. Kwalin indomi da jarida da ledar kasuwa duk suna rina takarda. In dole sai da kwalin gida, ka raba shi da fostar da foliyesta ko farar takardar zane ninki biyu, ka riƙa canja ta duk shekara.

In babu wurin kwantarwa, ka naɗe ta a bayan bututu mai faɗin santimita 10 ko fiye, hoton na kallon waje, bayan ka lulluɓe bututun da takarda marar asid. Ka rufe da farin yadi ka ɗaure da zaren auduga sako-sako. Cusa ta cikin siririn bututu da ɗaure ta da robar kuɗi su ne kuskuren da aka fi yi.

A damina ka jefa ƙunshin silika, 'yan jakunkunan nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a akwatin, ka cire su da hunturu. Kada ka fesa fiya-fiya a kan takarda, kada kafur ya taɓa ta. Ka buɗe ka duba sau biyu cikin damina, da sau ɗaya bayan ta ɗauke.

10. Ratayewa

Gidaje da yawa ba sa rataye hoton mai rai, kuma ga takarda ajiyar kwance a duhu ta fi kowane firam. Wanda zai rataye, ya je wurin mai firam da kansa ya tsaya a kai, ya gaya masa: “Malam, kada a datse ko kaɗan, kada a sa gam, kada ta taɓa gilas.” A yi firam ya bi girman fostar. A sa kwali marar asid a baya, a riƙe ta da maƙalai biyu ko uku na takardar Japan a gefen sama kawai, ko da aljihunan foliyesta a kusurwoyi, don ta samu wurin motsi idan yanayi ya canja. A sa kwalin kewaye ko siririn tsinke a ƙarƙashin bakin firam ya bar tazarar milimita 3 tsakaninta da gilas. In katakon baya filawud ne, a raba shi da kwalin da ledar foliyesta. A liƙe bayan firam gaba ɗaya da tef na takarda saboda ƙura da kyankyaso, a manna 'yar roba a kusurwoyin ƙasa don iska ta ratsa tsakaninsa da bango.

Haske kusan lakis 50 a ma'aunin haske ake so, wato ɗakin da za ka iya karatu amma ba ka ce yana da haske ba. Manhajar auna haske ta waya za ta ba ka ƙiyasi. Kada ta fuskanci taga ko ƙofa, kuma ƙwan LED ya fi doguwar fitilar nan mai ƙyafta. Hayaƙin turaren wuta da na janareta na shiga firam ya zauna, saboda haka ɗakin da ake turara kaya ba wurinta ba ne. Wajen goge gilas ka jiƙa tsumma ka matse, kada ka fesa ruwa a kai ya gangara ciki. Mai tsada ta yi wata uku a bango ta koma ajiya sauran shekara. In kana son bangon ya zauna da ado, ka ɗauki hotonta mai kyau a buga maka kwafi ka rataye, ka rubuta “kwafi” da fensir a bayansa.